Ƙafar Roba Mai Zuwa Makka

Duk ranar Lahadi in muka haɗu shan shayi nan Saint-Denis, gefen Paris, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku ƴan jami'a, yana kuka da sitaj. Wai makaranta ta tura ku wurin aiki watanni, ba abin da kuke yi sai ɗaukar kaya da kallon manya. Makon jiya ma wata ce mini ta yi, "Kawu Laminu, kai ai ka huta. Ƙafar roba ce fa kawai, a auna a liƙa." A auna a liƙa! To ku zubo mini na biyu, ku gyara zama, in ba ku labarin ƙafa guda ɗaya tak.

Mai ita sunansa Malam Ilu, dattijo ne mutumin Tawa, tela a unguwar Goutte d'Or cikin Paris. Ciwon sukari ya sa aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa, a shekarar da Allah Ya ba shi kujerar Hajji. Burinsa guda ne: ya yi ɗawafi da ƙafafunsa, kada a tura shi a keken guragu. Ni na ƙera masa ƙafar. Saura ƴan watanni a tashi, ashe ita tana kwance ƙarƙashin gadonsa, ni ban sani ba. Abin da ya fito da ita daga ƙarƙashin gadon nan kuwa a sitaj na koye shi, shekaru da dama kafin in san akwai wani Malam Ilu a duniya.

Ni ba wannan sana'a ce ta kawo ni Faransa ba. Daga Damagaram na zo Lyon a farkon shekarun dubu biyu, ina karatun injiniya, fannin ƙarfin ƙarfe da roba: me zai lanƙwashe, me zai karye, wane nauyi zai ɗauka. A raina kamfanin mota zan shiga, in sa farar riga in zauna biro, wato ofis. Da shekarar sitaj ta zo na nemi kamfanonin mota har na gaji, ko amsa babu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya ƴar Jos, Anti Rifkatu, da muke yawan haɗuwa wajen sayen attarugu da busasshen kifi a Guillotière. Ita ta ce mini akwai wata tsohuwa a Villeurbanne, gefen Lyon, mai ɗan shagon ƙera ƙafafu da hannuwa, tana neman ɗalibi.

Na ce, "Anti, ni fa injiniya ne."

Ta ce, "To injiniya, sai ka zauna a ɗaki ka yi ta kallon girmanka. Ba sitaj, ba digiri, ka fi ni sani."

Allah Ya saka wa matar nan da alheri, Ya raya mata zuriya. Kashegari na tafi.

Tsohuwar sunanta Madam Odil. Gajeruwa ce, furfura fat, hannuwanta kamar na maƙeri, kullum da farin filasta, garin nan na ɗaurin karaya a asibiti, a girarta. Shagon nata, atiliye muke ce masa, ƙamshin ƙaro da ƙonanniyar roba ne ke tarbarka tun daga ƙofa. Da tanda inda ake gasa faifan roba har ya yi laushi. Da injin zuƙar iska mai manne robar a jikin zubi, wato siffar ƙafar da aka yi da filasta. Da magagarai iri-iri a jere jikin bango, manya da ƙanana, kowanne da ƙusarsa, kuma wallahi in ka rataye ɗaya a ƙusar ɗan'uwansa sai ta gane tun daga bakin ƙofa. Da fensir shuɗi wanda in ka zana a fatar mutum, zanen yakan hau jikin filasta. Da wani ɗan makullin ƙarfe mai lanƙwasa, bai fi tsawon yatsa ba, shi ake juya sukurorin da ke daidaita tsayuwar ƙafa. Wannan a aljihun ƙirjinta yake kwana.

Ga yadda aikin yake, tunda kun ce liƙawa ne. Abin da ya rage na ƙafar mutum bayan yanka, dungu ke nan, ba ka taɓa samun biyu iri ɗaya. Za ka shafa shi da hannu ka nemo inda ƙashi ya turo, ka zana da shuɗin fensir, don nan ba ya son nauyi. Ka nemo inda nama zai iya ɗauka. Ka nannaɗe shi da bandejin filasta jiƙaƙƙe, ka danna da yatsunka daidai inda ya kamata kafin ya bushe, kuma filasta ba ya jiran kowa. Ka zare, ka cika shi ka sami zubi, sannan ka zauna da magagari kana rage nan kana ƙara can. A kan zubin ne ake yin kwanso, wato ramin da dungun zai shiga. Sai sandar ƙarfe, sai tafin ƙafa a ƙasa. In ka yi kuskuren kaurin farce a kwanso, mai ciwon sukari zai sami gyambo, gyambon kuma yana iya kai shi ga wani yankan. Wannan shi ne a auna a liƙa ɗin naku.

Amma a makonnin farko ko magagari ba ta bar ni na taɓa ba. Shara, kwaɓa filasta, wanke bokiti. Sai kuma aiki guda da ya fi ƙona mini rai: duk wanda ya shigo a duba masa ƙafa, ni zan durƙusa in cire masa takalmi. Ni da ko takalmin yayana ban taɓa cirewa ba! Rana ta farko na cire na wani tsohon direban bas, na ajiye gefe. Ta ce, "Ɗauko. Juya shi. Me ka gani?" Na ce takalmi na gani. Ta nuna mini gefen dunduniya da ya cinye ta waje, ta ce wannan mutum yana gudun wani wuri a cikin kwanson, yana karkata don kada ya taka shi. Direban kuwa yanzun nan ya gama ce mata lafiya lau. Da aka cire ƙafar sai ga fata ja jawur a gefen ƙashi. Bayan ya fita ta ce mini, "Mutane suna ce mini lafiya lau don suna jin nauyina, ko don suna so su koma gida da wuri. Ƙasan takalmi bai san kunya ba. Ka fara da shi, sannan ka saurari bakin."

Al'adarta ta biyu ita ce, kafin ta taɓa filasta sai ta zaunar da mutum ta ce, "Ba ni labarin yininka, tun daga tashi har kwanciya." Ina yake zama, me yake hawa, a kan me yake tsayawa. Akwai dogon baranda a atiliye mai ƙarafa biyu na dafawa inda ake gwada tafiya, amma ita ba ta yarda da shi ba. Cewa take kowa gwani ne a baranda, ƙasa a miƙe, ba mai ture ka. In mutum a tudun Croix-Rousse yake zaune, sai mun bi shi mun hau matakalan nan tare, ni da akwatin kayan aiki a kafaɗa, ina haki, ina tambayar kaina me ya haɗa injiniya da wannan wahala.

Aikin da ya cinye rabin sitaj ɗina na wani malamin kokawar judo ne, Mushe Bernar, Mushe ɗin nan shi ne Malam a bakin Faransawa. Babur ya ci masa ƙafar dama. An yi masa ƙafa mai kyau a wani wuri, yana tafiya da ita a titi ba wanda zai gane, amma da ya cire takalmi ya hau tabarmar kokawa sai ya ji kamar ana jansa ta baya. A nan na fara sanin abin da ban taɓa karantawa ba: ƙafar roba ba ta da idon sawu mai motsi irin naka. Ana daidaita ta ne da tsayin dunduniyar takalmin da mutum ke sawa. In ya cire takalmin, dunduniya ta sauka ƙasa, sandar duka ta kwanta baya, ta tafi da mutumin. Shi kuma Mushe Bernar aikinsa gaba ɗaya ba takalmi ne, kuma kafin a fara darasi sai sun durƙusa sun zauna a kan dugadugansu sun gaisa. Kwanson yana tokare masa bayan gwiwa, ba ya iya naɗe ƙafa.

Mun yi ta zarya ɗakin kokawar nan. Madam Odil ta cire nata takalmin, ta durƙusa a tabarma da makullinta, ta juya sukuro kaɗan, ta ce ya taka, ta sake juyawa. Ta daidaita ƙafar da ƙasa tsirara, ta sa ya sauya takalmansa duka zuwa marasa dunduniya. Ta rage bakin kwanson ta baya don gwiwa ta samu lanƙwasa. Sai dai duk inda ta rage, nan yake tsagewa bayan ƴan kwanaki. Na biyu ya tsage, na uku ya tsage. Rannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai injiniya, me aka koya maka a jami'ar taku? Ga abu yana karyewa." Kai, ranar na ji daɗi! Na zauna na yi lissafin inda ƙarfin ke taruwa, na nuna mata yadda za a jera zaren kabon da ake ƙarfafa kwanso da shi, wane sashi a miƙe, wane a gicciye. Muka zuba na huɗu, bai tsage ba. Ba ta yabe ni ba, ba halinta ba ne. Kashegari dai na iske magagari a kan teburina.

Shi ya sa in kuka tambaye ni ko makaranta ce ke shirya mutum ko sitaj, nakan rasa yadda zan raba muku. Ba don lissafin jami'a ba da kwanson nan yana nan yana tsagewa. Ba don durƙuson cire takalmi ba da ban san inda zan kai lissafin ba. Kuma kada in yi muku ƙarya, akwai abin da sitaj bai shirya ni ba ko kaɗan. Bai koya mini takardun inshorar lafiya ba, waɗanda har yau suke sa ni ciwon kai. Bai koya mini abin da zan ce wa saurayin da ya ga dungunsa a madubi ya fashe da kuka ba. Watanni kaɗan ba sa ɗaukar wannan duka. Amma ya ba ni ido da hannu, ya kuma nuna mini aikin da zan iya tsufa a cikinsa. Na karɓi digirina, na manta da kamfanin mota, na koma na yi takardar shaidar wannan sana'a, Madam Odil ta ɗauke ni aiki.

Muguwar shekara ita ce wadda tattalin arziki ya karye, kowa na kuka. A daidai lokacin ne amosanin gaɓɓai ya kama hannuwan Madam Odil, yatsunta suka fara lanƙwashewa, filasta ya soma bushewa kafin ta gama dannawa. Wata rana da hantsi ta ajiye bandeji ta ce, "Gama masa, Laminu," ta fita. Ba ta ƙara ɗaukar zubi ba. Aka sayar da atiliye ga wani babban kamfani, suka kwashe injuna, suka ce ma'aikata sun ishe su. Na zauna ba aiki, takardar zamana kuma a kan aiki take rataye. Na yi gyaran takalma a wata rumfa kusa da tasha, ina buga dunduniya ina juya takalman mutane ina karanta tafiyarsu, ba mai tambayata. Ita ce dai, da yatsun nan da ko lambar tarho da ƙyar take dannawa, ta yi ta kiran tsofaffin ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya. Wani cikinsu, Mushe Alan, yana da atiliye nan Saint-Denis. Ya ce in dai ita ta koya mini, in zo ranar Litinin. Ranar da zan bar Lyon ta ciro ɗan makullin nan daga aljihunta ta sa a nawa. Haka na zo Paris, na kama ɗaki a Stains.

To, mu koma kan Malam Ilu. Ranar da aka turo shi daga asibiti, da ya ji na gaishe shi da Hausa sai da ya riƙe hannuna da hannu biyu. Muka gaisa har Mushe Alan ya gaji da tsayuwa: ina gida, ina iyali, ina labarin Damagaram, ya sanyi, ya haƙuri da zaman ƙasar mutane. Na ce ya ba ni labarin yininsa, kamar yadda aka koya mini. Ya ce gida, jirgin metro, shago, keken ɗinki, gida. Likita kuma ya rubuta cewa zai riƙa salla a kujera. Na yi masa ƙafa daidai da takalmin da ya zo da shi, baƙi mai ƴar dunduniya, na gaya masa ƙa'idar da ake gaya wa kowa: kada ka taka ba takalmi. Ya ce to. A baranda yana tafiya kamar soja. Duk zuwan da zai yi, in Mushe Alan ya tambaye shi, sai ya ce, "Sa ba, sa ba, lafiya lau." In na tambaye shi da Hausa ya ce, "Alhamdulillahi, ɗana, aikinka ya yi."

A wani zuwan na durƙusa na cire masa takalma, na juya su. Na dama ya cinye, har ƙusa ta fara leƙowa. Na hagu sabo fil, kamar yau aka ciro shi daga kwali. Nan take na gane. Mutumin nan ba ya sa ƙafar sai ranar da zai zo wurinmu. Na ɗaga kai, ya kawar da nasa. Da yake patron, wato maigidana Mushe Alan, yana wurin, sai kawai na mayar masa da takalmansa na ɗaure.

Ranar Juma'a na nemi izini na tafi masallacin unguwarsu. Na same shi can baya kusa da ƙofa, inda ake jera takalma, zaune a kujerar roba, sanduna biyu a gefe, ƙafar wando a naɗe an soke ta da allura. Bayan an sallame na raka shi shago. Ya sa aka kawo shayi, muka sake gaisawa kamar ba mu gaisa ba. Sannan na ce, "Baba, ina ƙafata?"

Ya ce, "Tana gida tana hutawa."

Na ce, "Ni ban ƙera ta don hutu ba."

Ya ɗauki almakashi yana juyawa a hannu. Can ya ce, "Juma'ar farko na sa ta. Ni kujera ba ta kwanta mini ba, tun ba a haife ka ba nake sahun gaba. Na iso ƙofa na tuɓe takalmi kamar kowane Musulmi. Ina taka darduma na ji kamar an kama rigata ta baya. Na daure na shiga sahu. Liman ya yi kabbara, na ɗaga hannu, sai ga ni kwance bisa mutanen sahu na biyu. Aka katse salla ana ɗaga ni. Ɗana, da girmana."

Na ce, "Haba Baba! Me ya hana ka gaya mini?"

Ya dube ni kamar na yi maganar yara. "A gaban Nasaran da ke ba ka aiki? In ce aikin ɗanmu bai yi ba? Kai ɗaya gare mu a wurin nan. In suka kore ka, mi zan hwaɗa ma mutanenku?"

"To da na ce ka ba ni labarin yininka, ai ba ka ambaci masallaci ba."

Ya ce, "Tun da na zo ƙasar ga ban taɓa shiga biro na ambaci salla ba. Haka muka iske, haka muke yi."

Wallahi tausayi da haushi suka haɗu suka kama ni. Dattijo ya zaɓi ya koma sanduna don kada a ga laifina. Sai kuma ya ƙara da abin da ya fi tayar mini da hankali. Ya ce a Harami ba mai shiga da takalmi, kuma ƙasan duk dutse ne mai santsi. In a darduma ya faɗi, ina ga can cikin turmutsutsu? Ya riga ya yanke shawara zai je wurin masu shirya tafiya ya ce a ba wani kujerarsa. Na ce ai ana ɗawafi a keke, kuma Hajji ya yi. Ya ce ya sani, malamai sun gaya masa, amma shi tun yana yaro yake ganin kansa yana zagaya Ɗakin nan da ƙafa, zuciyarsa ta ƙi. Na roƙe shi ya ba ni wata guda kafin ya je wurinsu.

A cikin metro ina komawa, ba abin da nake gani sai Mushe Bernar a kan tabarmarsa. Mutum ba takalmi, yana durƙusawa, yana zama a kan dugadugansa. Ashe duk zaryar nan da na yi da akwati a kafaɗa, salla ake koya mini ƙera wa ƙafa ban sani ba! Da yamma na kira Madam Odil na zayyana mata. Ta ce, "A kan me zai taka?" Na ce dutse mai santsi, ba takalmi, cikin zafi, cikin taron da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta ce, "Kai kuma kana gwada shi a baranda?" Ta yi dariya har da tari, ta ce in tashi in nemo dutse da taro.

Na gaya wa Mushe Alan komai, har dalilin shirun dattijon. Ya daɗe yana girgiza kai, ya ce, "Ka gaya masa ba a korar mutum don an dawo da ƙafa gyara, aikin ke nan." Likita ya ɗan ja, saboda fatar mai ciwon sukari ba ta son wasa, amma ya yarda bisa sharaɗin kullum da yamma Malam Ilu zai duba dungunsa da madubi. Na sake zubi. Na rage bayan kwanso, na jera zaren kabon yadda na jera a Lyon. Na sa laushi a gaba inda gwiwa ke taɓa ƙasa in an yi sujada. Na daidaita ƙafar da ƙasa tsirara, na samo tafi mai tsaga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi don ya iya sa silifa da harami. Na liƙa masa roba mai taushi a ƙasa wadda ba ta zamewa. Takalmansa kuwa na kwashe su duka na cire musu dunduniya da hannuna, abin da rumfar Lyon ta koya mini.

Gwajin farko a masallaci muka yi, tsakanin azahar da la'asar, ba kowa sai ladan. Na cire takalmina na durƙusa da makullin Madam Odil. Ya yi ruku'u, na juya sukuro. Ya yi sujada, ya ce nan yana cizo, na zana da shuɗin fensir. Ku lura, ya ce yana cizo. Sai da aka fita daga biro bakinsa ya buɗe. Mun yi ta komawa har ranar da ya zauna zaman tahiya ya miƙe ba tare da ya dafa ni ba.

Saura dutse da taro. Na rasa inda zan samu sai babbar tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord, da safe lokacin da ma'aikata ke fitowa kamar an buɗe musu ƙofar garke. Ku kwatanta: dattijo da babbar riga da hula, ba takalmi, yana zagaya wani ginshiƙi, ni ina biye da shi da farar rigar aiki da takalmansa a hannu. Mutane na bangaje shi ta ko'ina, abin da nake so ke nan. Ƴan sanda biyu suka zo suka tsaya suna kallonmu. Ɗaya ya tambaye ni lafiya. Na ɗaga masa ƙafar wando na nuna masa, na ce gwaji muke yi, mutumin nan zai yi doguwar tafiya ba takalmi. Ya ce to mu kula da fasasshen kwalba, har ya ture wani murfin lemo da ƙafarsa daga hanyar. Malam Ilu yana zagayawa yana ce mini, "Kai ɗan Damagaram, ka mai da ni mahaukaci a tsakiyar Paris." Amma dariya yake yi, kuma bai faɗi ba. Na koya masa yadda zai ƙara safa ko ya rage in zafi ya sa dungun ya kumbura ko ya saɓe, na cika masa jaka da safa. Bai je ya mayar da kujerar ba.

Da alhazai suka dawo, ya shigo atiliye da dabino da ruwan Zamzam, har da na Mushe Alan. Ya rame, ya yi baƙi, ga ɗan ƙurji a gefen dungu wanda sai da muka yi jinya. Na ce, "Alhaji, barka da sauka. Ya ƙafa?" Ya ce, "Alhamdulillahi." Na ce, "Wannan na saba ji, miƙo ta nan." Na juya ta. Robar da na liƙa ta siɗe, ta yi sumul. Shi da kansa ya ce Safa da Marwa kam a keke ya ƙarasa, ƙurjin ya hana shi, kuma bai ji kunya ba. Amma ɗawafi, na farilla da duk wanda ya samu sarari ya ƙara, ba wanda ya tura shi. Na ɓamɓare tsohuwar robar na sa masa sabuwa. Ita tsohuwar na sa ta a aljihu.

Ƙarshen makon na hau jirgi zuwa Lyon. Na iske Madam Odil a ɗan ɗakinta, hannuwan sun ƙara lanƙwashewa, ko kofi sai da hannu biyu take ɗauka. Na ajiye mata dabinon na ce daga wani dattijo ne da ba ta sani ba, yana gode mata. Sannan na miƙa mata robar. Ta sa tabarau, ta juya ta da ƙyar, ta bi gefenta da babban yatsa, kamar yadda ta sa ni yi ranar da na fara durƙusawa.

Ta ce, "Wannan ya yi tafiya sosai, kuma bai guji ko'ina ba, duk tafin ya taka. Amma dubi nan, gefe ɗaya ya fi cinyewa. Kullum hagu yake karkata. Me yake ta zagayawa haka?"

Na ja kujera kusa da ita, na ce, "Madam, bari in ba ki labarin yininsa."